Lasisin aure a Amurka da neman tsohuwar takardar aure: amsa ga wata uwa a Columbus

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio. Bayan Babbar Sallah za a ɗaura wa 'yata aure a masallacinmu, angon kuma yana aiki a Houston. Dangi sun ce a ɗaura kawai, na kotu a yi shi daga baya in an huta da hidimar biki. Haka ya yi? Na biyu, maigidana ya rasu bara, ofishin Soshiyal (Social Security, masu biyan kuɗin ritaya da na iyalan mamaci) sun ce in kawo takardar aurenmu. A Bronx aka ɗaura mana a 1997, takardar ta ɓace wajen ƙaura. Na je kotun nan Columbus sun duba sun ce babu sunanmu. Ina zan nufa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Ita yarinya Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

Tambayoyin naki biyu ne, amma kan takarda ɗaya suke. A Amurka gwamnatin tarayya da ke Washington ba ta bayar da izinin aure, ba ta kuma ajiye rajistarsa. Kowace jiha da dokarta, aikin kuma galibi a hannun gunduma yake, gundumomin nan sun haura 3,000. Ofishin gunduma yana ba masu niyyar aure lasisi, su kai wa wanda zai ɗaura, shi kuma bayan ya ɗaura ya cike ɓangarensa, ya sa hannu, ya mayar wa ofishin da ya bayar. Sai ta koma ne ake shigar da auren cikin rajista, kuma a wannan ofishin za ta zauna har abada, ko ma'auratan sun ƙaura sau goma. Shi ya sa kotun Columbus ba ta ga sunanku ba. Ba ɓacewa ya yi ba, dama can bai taɓa zuwa wurinsu ba.

Bari mu fara da na yarinya, tunda shi ne ke da rana.

Shawarar dangi ba ta yi ba, kuma da ni ne ba zan bi ta ba. Na san inda ta samo asali. A gida, in aka ce "auren kotu", tunanin mutane yana tafiya ga auren rajista irin na Ikoyi, wani aure ne daban mai dokokinsa, wanda yawancin Musulmi ba su damu da shi ba tunda na masallaci ya wadatar a gaban kotunan shari'a. A nan tsarin ba haka yake ba. Lasisin ba wani aure na biyu ba ne. Izini ne da ke sa ɗaurin auren da liman zai yi ya zama aure a idon hukuma, a ranar, a masallacin, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba tare da an taɓa ko rukuni ɗaya ba. Ba sai an je gaban alƙali ba.

In aka ɗaura babu lasisi, matsala ta farko a kan liman take, domin dokar Ohio ta hana a ɗaura aure ba tare da shi ba, kuma hukuncin ya haɗa da tara da ɗaurin da zai iya kaiwa wata 6. Wannan ne dalilin da ya sa limamai da dama a manyan masallatai ba sa karanta huɗubar aure sai an ajiye musu takardar a gabansu, mutane kuma su yi ta gunaguni wai sun cika tsanani. Matsala ta biyu a kan 'yarki take. Tun daga 10 ga Oktoba 1991 Ohio ta daina ɗaukar zaman tare a matsayin aure, ko shekara nawa aka yi, ko 'ya'ya nawa aka haifa. Saboda haka daga ranar walima zuwa ranar da aka "huta" aka je kotu, ba ta da wata takarda da za ta nuna wa kamfanin inshorar lafiya, ko hukumar haraji, ko asibiti, ko kotun gado cewa ita matarsa ce. Kuma "daga baya" irin tamu kin san ta: a haihu, a yaye, ba a je ba. Lasisi kuma ba a mayar da kwanan watansa baya. In suka je bayan wata takwas, sai an sake wani ɗaurin, kuma wannan sabuwar ranar ce za ta shiga rajista. In ɗaya daga cikinsu zai nemi katin zama na dindindin ta hanyar auren, daga wannan ranar za a fara lissafi.

Yadda za su yi shi ne kamar haka. A Ohio kotun gado da wasiyya ce ke bayar da lasisin aure, wadda a jikin gini za ki ga an rubuta Probate Court, kuma kowace cikin gundumomi 88 na jihar tana da tata. Doka ta ce a nema a gundumar da ɗaya daga cikin biyun yake zaune. Tunda ango ɗan Texas ne, gundumar amarya za a je. A nan sai a kula, domin adireshi yana ruɗa mutane. Yawancin Columbus a gundumar Franklin yake, kotun kuma tana lamba 373 titin South High, amma gefen birnin ya shiga gundumomin Delaware da Fairfield. Westerville ta rabu tsakanin Franklin da Delaware, Reynoldsburg kuma har gida uku: Franklin, Licking da Fairfield. Ku tabbatar da gundumar da gidan yake kafin ango ya sayi tikitin jirgi. In an karɓa a gundumar da ta dace, ana iya ɗaura auren a ko'ina cikin Ohio, amma ban da wajenta.

Dole su biyun su bayyana da kansu. Waliyyi ba ya karɓa wa amarya, abokin ango ba ya karɓa wa ango. Kowa ya zo da katin shaida mai hoto, lasisin tuƙi ko fasfo, ita kuma da abin da ke nuna adireshinta na yanzu in ba ya jikin katin. Za a sa su rantsuwa, a tambaye su suna, shekaru, wurin haihuwa, sana'a, sunan uba, sunan uwa kafin ta yi aure, lambar Soshiyal, da sunan wanda ake sa ran zai ɗaura. Wancan na sunan uwa yakan tsayar da 'yan gida, domin mu mace ba ta canza suna saboda aure. Su rubuta sunan uwar da na mahaifinta yadda yake a takardunta, shi ke nan. Babu sharaɗin sai mutum ya zama ɗan ƙasa, babu gwajin jini. Kuɗin a Franklin dala 65 ne a 'yan shekarun nan, kuma akwai fom da ake fara cikewa a intanet, to su leƙa shafin kotun a makon da za su je don ganin tsarin lokaci da yadda ake biya.

A Ohio babu jira, a ranar ake ba su. Amma kwana 60 kawai takardar take aiki. In ango ya zo gaisuwa wata uku kafin biki aka ce "tunda ka zo mu gama da kotu", ta mutu kafin ranar, sai an sake biya an sake rantsuwa. In kuma daga baya aka yanke shawarar a kai ɗaurin auren Houston, lasisin Ohio ba shi da amfani a can. Sai su nema a Texas, a ofishin magatakardan gundumar Harris misali, inda ake jira awa 72 kafin a ɗaura, takardar kuma ta yi kwana 90. New York awa 24 ake jira, Pennsylvania kwana 3, Maryland kuma sai a gundumar da za a ɗaura ake nema. Na kawo waɗannan ne don kada wani ɗan'uwa ya ce miki "ai mu a wurinmu ba haka aka yi ba". Gaskiya ya faɗa, a wurinsu.

Akwai tambayoyi uku da ba ki taɓo ba, amma tunda mu ne, sai na yi su.

Ta farko: akwai zumunci tsakaninsu? Dokar Ohio ba ta ba da lasisi ga ɗan wa da 'yar ƙani, ko 'ya'yan 'yan'uwa mata, ko abokan wasa na taubasantaka. Mafi kusa da aka yarda shi ne waɗanda kakanninsu ne 'yan'uwa. Wajen rabin jihohin ƙasar haka suke, kuma tambayar tana cikin abin da za a rantse a kai, don haka ba wurin yin shiru ba ne. New York, Maryland, Georgia da California sun yarda da auren zumunci irin namu, kuma tun 1958 babbar kotun Ohio ta amince da irin wannan aure da aka ɗaura a jihar da ya halatta. Amma Texas ta fi tsanani: tun 2005 ta haramta auren, ta kuma sanya kwanciya tsakanin irin waɗannan dangi cikin manyan laifuka. In haka lamarin yake kuma a Houston amarya za ta tare, a ga lauyan harkokin iyali kafin a buga katin gayyata.

Ta biyu: ango ya taɓa aure? In ya taɓa, za a nemi sunan kotun da ta raba auren, da ranar, da lambar shari'ar, wasu gundumomin ma sai sun ga kwafin hukuncin mai hatimi. Sakin baki, ko na takardar da aka rubuta a gaban liman a nan Amurka, bai raba aure a idon hukuma ba. In a gida aka yi auren farko aka kuma rabu a can, a nemo takardar kotun shari'ar da ta tabbatar da sakin, a fassara ta in da Hausa ko Larabci ko Faransanci take. In kuwa akwai uwargida da igiyarta ke nan daram, a Kano take ko a Yamai ko a Kumasi, to babu lasisi. Auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi aure ne a nan ma, ƙara wani a kai laifi ne a dukkan jihohi, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta rufe ƙofar kafa hujja da addini tun 1879 a shari'ar wani ɗan ɗariƙar Mormon. Ban da haka, dokar shige da fice tana hana shigowa ga wanda ya zo da niyyar zama da mace fiye da ɗaya, kuma fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana yin tambayar ƙarara. Wannan bincike aikin waliyyi ne, kuma ba rashin kunya ba ne a yi shi.

Ta uku, wadda aka fi mantawa: limamin yana da rajista? A Ohio duk malamin addinin da zai ɗaura aure sai ya sami lasisi daga ofishin Sakataren Jiha. Kuɗin dala 10 ne kacal, kuma ana iya duba sunan mutum a shafin ofishin. Inda ake faɗawa rami shi ne lokacin da aka ce wani babban malami zai zo daga New York ko daga gida musamman don albarka. Ya zo, ya yi huɗuba, ya yi addu'a, babu laifi, amma wanda ke da rajistar Ohio shi zai jagoranci ƙulla auren ya sa hannu. Kuma amarya ta kasance a wurin. Mun saba a ɗaura aure tana can gida cikin ƙawaye, wakilai su yi siga, amma dokar Ohio ba ta tanadi auren wakilci ba. Ba abin wahala ba ne: tana ɓangaren mata, liman ya matsa ya ji yardarta daga bakinta, sannan waliyyi ya yi aikinsa. Ohio ba ta neman sa hannun shaidu a takardar, shaidunmu na shari'a suna nan yadda suke.

Maganar wakilci ta fi nauyi ga masu ɗaura aure a gida alhali ango yana nan. Dokar shige da fice ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya ba, sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Kuma wanda aka riga aka ɗaura masa a masallacin unguwarsu, shi da amarya suna wurin ko kuma sun riga sun tare, ba zai nemi bizar K-1 ta wadda za a aura ba, domin matarsa ce. Hanyarsa ita ce fom I-130, wanda ake nema wa mata ko miji katin zama da shi.

A kan sadaki, in lakadan ne babu magana. In akwai ajalan mai yawa, kada a dogara da layin da liman zai rubuta a takardar masallaci. A 2002 wata kotu a New Jersey ta tilasta wa miji biyan dala 10,000 na sadakin da ya rage, amma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara da ke nan Columbus ta ƙi tilasta biyan dala 25,000, saboda an kawo maganar ne sa'o'i kaɗan kafin ɗaurin aure, baƙi sun riga sun taru, ango bai sami damar shawara da lauya ba. A rubuta shi makonni kafin biki, kowa ya karanta a natse.

Bayan an shafa fatiha sauran aiki ɗaya, kuma shi ne mafi muhimmanci. Liman yana da kwana 30 ya mayar da takardar kotu. Wata takarda mai ado da za a ba amarya da ango ta tunawa ce kawai, ba ta aiki a ofis. Ki sa mutum ɗaya a cikin iyali, wanda ba ya cikin hidimar girki da ɗaukar baƙi, ya bi liman har sai ta tafi. Bayan mako biyu ko uku su nemi kwafi mai hatimin kotu. In ya fito, auren ya shiga rajista. Su karɓi uku ko huɗu, daloli kaɗan ne kowane, su kuma karanta harafi bayan harafi: suna, ranar haihuwa, ranar aure. Gyara a watan farko abu ne mai sauƙi, bayan shekara ashirin kuwa sai da takardun rantsuwa.

Yanzu naki.

Birnin New York ya bambanta da Ohio: ba kotu ce ke riƙe da rajistar aure ba, ofishin Magatakardan Birni ne, wato City Clerk, kuma ba ma'aikatar lafiya ta jiha da ke Albany ba, ita tana riƙe da na wajen birnin ne. Duk auren da aka karɓi lasisinsa a ɗaya daga cikin yankuna biyar na birnin daga 1950 zuwa yau yana hannun Magatakarda. Na kafin nan yana gidan adana tarihi na birnin. Babban ofishin yana lamba 141 titin Worth a Manhattan, akwai kuma reshe a Bronx. Tunda naku na 1997 ne, kowane reshe zai iya fitar da shi. Na 1950 zuwa 1995 ne sai a Manhattan.

Ba sai kin yi tafiya ba. Akwai fom a shafinsu, ki cike, ki haɗa da kwafin katin shaidarki da moni oda, ki aika ta gidan waya. Kwafin farko dala 15 ne, ƙari kuma dala 10 kowane. Sai dai ke ce za ki nema. Rajistar da ba ta kai shekara 50 ba a New York ba a ba kowa sai ma'auratan, ko wanda suka ba izini a rubuce da hatimin notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, ko lauyan da ke buƙatarta a shari'a. In kina so wani ɗa ko ƙani da ke Bronx ya karɓo miki, sai da wannan izinin. Ki yi hattara da shafukan da ke fitowa a sahun farko in an yi bincike, masu kama da na hukuma, da za su caje ki ninki uku ko huɗu don su aika fom ɗin da ke da kanki za ki iya aikawa.

Kafin ki aika, ki tambayi kanki: a ina aka karɓi lasisin? Ba inda aka ɗaura ba, ba inda aka yi walima ba. Lasisin jihar New York yana aiki a ko'ina cikin jihar, don haka mai zaune a Yonkers ko Mount Vernon zai iya karɓa a can ya ɗaura a Bronx, rajistar kuma ta koma can. Hanya mai sauƙi ta dubawa ita ce jerin sunayen ma'auratan birnin na 1950 zuwa 2017, wanda wata ƙungiya mai suna Reclaim The Records ta ƙwato ta hanyar shari'a ta sa a intanet kyauta. Ba takardar kanta ba ce, amma zai nuna suna da shekara da lambar lasisi, in kika sa lambar a fom kin rage wa ma'aikacin aiki.

Wajen binciken kada ki tsaya kan rubutu ɗaya. Muhammad, Mohammed, Mohamed, Mamman. Abubakar, Aboubacar, Bukari. Hauwa, Hawa, Haoua. Wanda ya zo da fasfon Nijar ko Kamaru sunansa da rubutun Faransanci ya shiga, na Gana da nasa salon. Sau da yawa akawu yakan juya, ya sa sunan yanka a gurbin sunan uba, ko ya ɗauki "Alhaji" a matsayin suna. Ki nemi tsohon fasfon Alhaji na wancan lokacin ki ga yadda aka rubuta, ki kuma gwada da sunan da kike amfani da shi a 1997. Ki tuna a nan wata ake fara rubutawa kafin rana: 3/8/1997 na nufin 8 ga Maris.

To in aka duba babu fa? Abu biyu ne. Ko dai an karɓi lasisi amma wanda ya ɗaura bai mayar ba, ko kuma ba a taɓa karɓa ba, masallaci kawai aka je. A shekarun nan hakan ya yi yawa a cikinmu. Ki tuna: kun taɓa zuwa wani ofis ku biyu, kuka nuna fasfo, kuka sa hannu? In Alhaji ya taɓa cike miki takardun zama, ko ke kika cike masa, to tabbas akwai takarda, kuma kwafinta yana cikin fayil ɗinku a hukumar shige da fice, kina da haƙƙin neman fayil ɗinki.

Ko da ba a taɓa karɓar lasisi ba, kada hankalinki ya tashi, domin a nan kin yi sa'ar jiha. Sashe na 25 na dokar iyali ta New York ya ce rashin lasisi ba ya ɓata auren da aka ɗaura yadda ya kamata tsakanin manya. Laifin yana kan wanda ya ɗaura, auren yana nan. Da a tsallaken kogi ne, a New Jersey, da labari ya sha bamban: a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta yanke cewa wani aure da aka ɗaura bisa tsarin Musulunci ba tare da lasisi ba, babu shi sam. Abin da zai rage miki shi ne hujja. Ƙa'idar hukumar Soshiyal ta yarda da kwafin rajistar wurin ibada, ba ta hukuma kaɗai ba, in kuma babu, ana karɓar bayanin wanda ya ɗaura ko na shaidun da suka halarta. Don haka ki tuntuɓi masallacin, ko waɗanda suka gaji littattafansa in ya tashi daga inda yake. Ki nemo shaidun da ke raye tun suna da ƙarfin sa hannu. Ki tattara takardun harajin da kuka cike a matsayin miji da mata, takardun haihuwar yara, da takardar rasuwa in an rubuta sunanki a matsayin matarsa. Ki kuma karɓi wasiƙa daga Magatakarda cewa an duba ba a samu ba. In ta kai ga haka, ki nemi lauya. Ofisoshin taimakon shari'a kyauta suna karɓar irin wannan ga masu ƙaramin ƙarfi.

Kada ki jira takardar ta iso kafin ki shigar da buƙatarki a Soshiyal. Su da kansu suna cewa a shigar ko takardu ba su cika ba, domin ranar da aka shigar tana shafar daga inda za a fara biya. Kuɗin matar mamaci yana farawa daga shekara 60, ko 50 ga mai naƙasa, ko a kowane shekaru in kina riƙe da ɗan mamacin da bai kai 16 ba. Akwai kuma dala 255 da ake biya sau ɗaya, wanda sai an nema cikin shekara 2 da rasuwar, ke kuma bara ne, lokaci yana tafiya. Wani abu kuma, ki yi haƙuri da zan faɗe shi yanzu, gara ki ji da wuri: matar da ta sake aure kafin ta cika 60 ba ta samun wannan kuɗin muddin sabon auren yana nan, wadda ta yi bayan 60 kuwa ba ya taɓa nata.

In Alhaji ya bar gida ko fili a ƙasarmu, kuma kina ganin wata kotu ko banki a can za su nemi shaidar auren, ki nemi nau'i biyu tun yanzu a ambulan ɗaya. Na dala 15 na amfanin cikin Amurka ne. Na ƙasashen waje shi ne mai cikakken bayani da sa hannun jami'i, dala 35. Shi ma bai isa shi kaɗai ba. Sai magatakardan gundumar New York, wato Manhattan, ya tabbatar da sa hannun, sannan ma'aikatar harkokin jiha ta New York ta buga nata. Ga ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, irin su Ingila, Faransa, da Saudiyya da ta shiga a 2022, hatimin jiha da ake kira afostil ya wadatar. Najeriya, Nijar da Gana ba sa ciki, don haka daga jiha sai ofishin tantance takardu na ma'aikatar harkokin wajen Amurka a Washington, daga nan sai ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. Kowane mataki da kuɗinsa da makonninsa, kuma ba a tsallake ɗaya a je na gaba. Ki fara tambayar masu neman takardar a gida wane hatimi suke so, domin wani lokaci kwafin farko ma ya ishe su.